DOGARA GA ALLAH MAI TANADI A LOKACIN TSADAR RAYUWA

(Jawabin da aka gabatar a zaman dattawan ikkilisiyoyi da wakilan zumunta)

  Mun sani akwai waɗanda sai da ikkilisiya ta yi karo-karo ta haɗa musu kuɗin mota kafin su iso. Ubangiji ya sa albarka ga hannuwan da suka bayar.

An ba mu mu yi magana a kan dogara ga Allah domin biyan bukatunmu. Maganar tana da sauƙin faɗi ranar Lahadi, amma tana da nauyi ranar Talata da yamma, sa'ad da uwargida ta leƙa rumbu ta ga ƙasansa. Za mu kafa jawabinmu a kan Matiyu 6:25-34, da Fitowa sura 16, da 2 Korantiyawa sura 8. Muna roƙon kowa ya sake karanta su a gida tare da iyalinsa.

HALIN DA MUKA SAMI KANMU

A farkon shekarar 2023 aka sha wahalar takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekara aka sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya ninka kusan sau uku, kuɗin mota da na abinci da na taki suka bi baya. A watan Yuli na 2023 aka yi juyin mulki a Jamhuriyar Nijar, aka rufe iyaka, masu ɗan kasuwanci tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, suka zauna ba abin yi. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta fashe, ruwa ya ci Maiduguri. Ga kuma 'yan bindiga da suka raba manoma da yawa da gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna.

Wannan wahala ta taɓa kowa, mu da maƙwabtanmu. Amma ƙananan ikkilisiyoyi irin namu suna da nasu ƙarin nauyi. Ba mu da yawa a garuruwan da muke, yawancinmu kuma manoma ne da masu ƙaramar sana'a. Idan damina ta yi gardama, baiko ya ragu, mai bishara ya yi watanni bai ga albashinsa ba. Idan an koro yaro saboda kuɗin makaranta, ba mu da wani babba a ofis da za mu buga wa waya. A irin wannan hali ne matashi yakan fara tambayar kansa ko bin Yesu ne ya jawo masa koma baya. Dole mu dattawa mu kasance da amsa, kuma amsar ta fito daga Maganar Allah.

1. ABIN DA UBANGIJI YESU YA KOYAR

Mutanen da suka saurari Yesu a kan dutse masunta ne, da manoma, da 'yan ƙodago waɗanda ake biya dinari ɗaya a yini, kamar yadda misalin da ke Matiyu sura 20 ya nuna. Ga harajin Romawa a wuyansu. Sun san yunwa kamar yadda muka san ta. Su ne ya hana damuwa a kan ci da sha da sutura.

Mu lura da abu uku. Na farko, Yesu bai raina bukatar jiki ba. A aya ta 32 ya tabbatar mana cewa Ubanmu na sama yana sane da ita. Ashe ba kunya ba ce mai bi ya durƙusa ya roƙi Allah masara, ko kuɗin magani, ko kuɗin haya. Na biyu, ya kafa hujjarsa a kan abin da Allah ya riga ya yi. Wanda ya ba da rai, abin da ya fi girma, zai kasa ba da tuwon da zai riƙe ran? Hausawa ma suna cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Manzo Bulus ya kai maganar ƙarshenta a Romawa 8:32, inda ya nuna cewa Allahn da ya ba da Ɗansa dominmu ba zai yi mana rowar sauran abubuwa ba. Na uku, Yesu ya nuna damuwa ba ta haifar da kome. Ba ta ƙara wa mutum kwana, ba ta sa gero ya nuna da wuri. Barci take hanawa, ta kawo hawan jini da faɗa tsakanin miji da mata.

Akwai bambanci tsakanin damuwa da shiri. Mai shiri yakan yi abin da yake iyawa yau, ya bar sauran a hannun Allah, ya kwanta ya yi barci. Mai damuwa yakan ɗauki kayan gobe da na jibi ya ɗora a kan na yau. Shi ya sa a addu'ar da Ubangiji ya koya mana abincin yini ɗaya muke roƙo.

2. MAKARANTAR MANNA

Wata ɗaya bayan Isra'ilawa sun fita Masar suka iso jejin Sin, guzuri ya ƙare, suka fara gunaguni suna tuna tukwanen naman Masar. Yunwa ta mantar da su bulalar da suka sha a can. Allah ya ba su manna, amma da sharaɗi. Kowa zai fita da safe ya tara mudu ɗaya domin kowane mutum na gidansa. Wanda ya ɓoye domin gobe, da gari ya waye ya tarar ta yi tsutsa tana wari. Ran nan ta shida kaɗai ake tara ninki biyu saboda Asabar. Haka aka yi shekara 40.

Allah yana da ikon sauko musu da abincin shekara a dare ɗaya. Ya zaɓi ya ba su na kowace rana domin su koyi duban Mai bayarwa kowace safiya. Maimaitawar Shari'a 8:2-3 ta bayyana cewa horo ne da gwajin zuciya. Mu ma idan muna samun na yau kawai, kada mu ɗauka Allah ya yashe mu. Wataƙila a makarantar manna muke.

Sai mu ƙara da abin da ke Joshuwa 5:12. Ranar da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, washegari manna ta daina sauka. Daga nan sai fartanya da garma. Allahn da ya ciyar da su ta hanyar al'ajibi shi ne ya ci gaba da ciyar da su ta hanyar noma. Hanya ce ta sake, Mai tanadin yana nan.

3. HANYOYIN DA ALLAH YAKE BI

(a) Ta aikin hannunmu. Tsuntsun da Yesu ya yi misali da shi ba shi da rumbu, amma da asuba yake barin sheƙa. Manna ma a waje take sauka, sai an fita an tara. Bulus ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa a Koranti tare da Akila da matarsa, ya kuma umarci Tasalonikawa kada a ciyar da wanda ya ƙi aiki (2 Tasalonikawa 3:10). Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Yaron da ya gama makaranta bai sami aikin gwamnati ba, kada ya raina walda, ko ɗinki, ko gyaran waya, ko noman rani.

(b) Ta abin da yake hannunmu tun dā. A 2 Sarakuna sura 4 mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yan wata gwauruwa biyu. Annabi Elisha ya fara da tambayarta abin da ya rage a gidanta. Ɗan mai ne a kwalba, da shi kuwa Allah ya biya bashin ya ciyar da gidan. A Farawa sura 21 ruwan salkar Hajaratu ya ƙare a jejin Biyer-sheba, ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace tana kuka. Allah ya buɗe idanunta, ta ga rijiya.

Irin wannan ya faru a ƙasar Hausa a zamaninmu. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ma'aikacin mishan na SIM a yankin Maraɗi, ya yi ta dasa itatuwa domin tare hamada, yawancinsu suna mutuwa. Bisa ga shaidarsa, ya kai ga fid da zuciya har ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. A shekarar 1983, a kan hanyar wani ƙauye, ya tsaya ya duba ƙananan tsirran nan da manoma suke sarewa kowace shekara wajen sharar gona. Sai ya gane toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a sassabe sauran. Lokacin yunwar 1984 dabarar ta fara bazuwa, manoma suna koya wa juna, ana kiranta sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Itacen girki ya samu, abincin dabbobi ya samu, gero ya ƙara kyau a ƙarƙashin gawo. Yawancin waɗanda suka amfana Musulmi ne, gama Ubanmu yana sauko da ruwansa a kan kowa (Matiyu 5:45). Ya 'yan'uwa, mu roƙi Allah ya buɗe idanunmu. Wace fadama ce muka bari tana kwance? Wace sana'a ce tsofaffinmu suka iya da ba wanda ya koya?

(c) Ta hannun 'yan'uwa. A zamanin sarki Kalaudiyas, da aka yi annabcin yunwa, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Ikkilisiyoyin Makidoniya matalauta ne ƙwarai, duk da haka roƙo suka yi a bar su su sa hannu. A 2 Korantiyawa 8:15 Bulus ya koma ga labarin manna domin ya nuna nufin Allah: mai yawa kada ya yi ta tarawa alhali ɗan'uwansa yana rasawa. Mun ga haka da idanunmu a 2014, sa'ad da Boko Haram ta ci Mubi da hedkwatar EYN da ke Kwarhi a watan Oktoba. Gidajen masu bi a Yola da Jos da wasu garuruwa suka cika da baƙi, aka raba ɗaki, aka raba tuwo. Sau da yawa amsar addu'ar gwauruwar da ke zaune kusa da kai a sujada tana cikin rumbunka.

(d) Ta inda ba mu zata ba. A rafin Kerit hankaki ne suka riƙa kawo wa Iliya gurasa da nama safe da yamma, ga shi kuwa hankaka tsuntsu ne marar tsarki bisa ga Shari'a. Da rafin ya ƙafe, Allah ya aike shi Zarefat ta ƙasar Sidon, wurin wata gwauruwa wadda ba Ba'isra'iliya ba ce, mai ɗan gari tafin hannu ɗaya. Da yawa a cikinmu za su iya ba da shaidar maƙwabci wanda ba addininmu ɗaya ba, da ya ba da rance ba ruwa, ko ya ɓoye iyali a ranar tashin hankali. Mu gode wa Allah, mu gode wa mutumin, mu ma mu zama irin wannan maƙwabci.

4. GARGAƊI

Akwai koyarwar da ta cika rediyo da talabijin da wayoyinmu, wai ka shuka iri na kuɗi a hannun wani bawan Allah ka girbe ninki ɗari, wai kuma talauci alamar ƙarancin bangaskiya ne. Wannan ciniki ne, kuma talaka ne yake faɗuwa a ciki. Bulus ya lissafta yunwa da ƙishirwa da rashin sutura cikin abubuwan da ya sha (2 Korantiyawa 11:27). Wa zai ce Bulus ba shi da bangaskiya? Alkawarin biyan bukata da muke ƙauna a Filibiyawa 4:19 daga kurkuku aka rubuta shi, kuma ga mutanen da suka aika wa ɗaurarre taimako. A wannan sura ce ya ce ya koyi zama da wadar zuci, ko da ƙoshi ko da yunwa. Allah ya yi alkawarin biyan bukata, bai yi alkawarin biyan kwaɗayi ba. Agur ya roƙi Allah kada ya ba shi talaucin da zai sa shi sata, kada kuma ya ba shi dukiyar da za ta sa ya manta da Ubangiji (Karin Magana 30:8-9).

Kwaɗayi mabuɗin wahala. A watan Disamba na 2016 tsarin nan na MMM ya rufe asusun mutane a Nijeriya, kuɗin jama'a da yawa ya tafi, har da na masu bi. Irinsa suna ta fitowa da sababbin sunaye. Haka nan cacar ƙwallo da ke cinye kuɗin samarinmu, da zuwa wurin boka neman sa'ar kasuwa. Dattawa su yi magana a kan waɗannan a fili tun kafin a faɗa rami.

Gargaɗi mafi nauyi shi ne wannan. Wahala takan sa mutum ya sa bangaskiyarsa a kasuwa. Wani yakan ɓoye sunansa na baftisma domin neman aiki, daga nan ya daina zuwa sujada. Wata takan yarda da auren da zai raba ta da Ubangiji domin gidan akwai abinci. Isuwa ya sayar da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon fate ɗaya, daga baya ya nema da hawaye bai samu ba. Ubangijinmu kansa, bayan azumin kwana 40, ya ƙi gurasar da Shaiɗan ya nuna masa hanyarta. Amma kafin mu hukunta wanda ya faɗi, mu tambayi kanmu ko akwai wanda ya taka zuwa gidansa lokacin da tukunyarsa ta kwana uku ba a ɗora ta ba. Yakubu 2:15-16 ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai.

Wani zai ce, to, waɗanda suka dogara ga Allah amma suka mutu cikin rashi fa? Ba za mu ɓoye wannan ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashen nan namu, ba wata babbar ƙungiya a bayansu. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, daga baya Bingham ya koma gida. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent ba su ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ibraniyawa sura 11 ta sa waɗanda aka cece su daga takobi da waɗanda takobi ya ci a layi ɗaya na masu bangaskiya. Annabi Habakuk ya ƙudura zai yi murna da Allah ko gona ba ta ba da kome ba, ko garke ya zama wayam (3:17-18). Lissafin Allah ba ya ƙarewa a bakin kabari.

5. ABIN DA MUKE ROƘON DATTAWA SU YI

Na ɗaya, rumbun ikkilisiya. Yusufu ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar a shekaru bakwai na ƙoshi, ya ceci ƙasashe. Mun san hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada a Yuli da Agusta. Idan gida 40 suka kawo tiya biyar-biyar da kaka, an sami tiya 200, wato wajen buhu biyar. A zuba a buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba sai an sa magani ba. A buɗe shi a tsakiyar damina domin gwauraye da marayu da marasa lafiya, a kuma tuna da maƙwabci mabukaci ko ba namu ba ne (Galatiyawa 6:10).

Na biyu, amana. Manzanni sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida domin rabon abinci. Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba. George Müller na Bristol a Ingila, wanda ya rasu a 1898, ya riƙe marayu fiye da 10,000 a rayuwarsa ba tare da ya roƙi mutum kuɗi ba, sai addu'a, amma kowace shekara yakan buga rahoton abin da ya shigo da abin da ya fita. A sa mutum uku a kan rumbu, mace ɗaya aƙalla a cikinsu, a rubuta kome, a karanta a gaban jama'a.

Na uku, hakkin mai bishara. Idan kuɗi ba su samu ba, a yi masa gayya a gonarsa, a kai masa hatsi. Bai kamata mai koya mana dogara ga Allah ya riƙa cin bashi a shago saboda sakacinmu ba.

Na huɗu, sana'a. Kowane mai sana'a a ikkilisiya ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya ya koya masa. Zumuntar mata ta ƙarfafa adashi, a kuma sa kuɗin makarantar yara a gaba da bikin nuna isa.

Na biyar, addu'ar iyali da shaida. A bar yara su ji iyayensu suna ambaton bukatun gida a gaban Allah da sunansu, su kuma ji godiya ranar da amsa ta zo. Yaron da ya tashi yana ganin haka, da wuya a saye shi da kwanon fate.

KAMMALAWA

Ƙaunatattu, a kan dutsen Moriya Ibrahim ya sa wa wurin suna domin tunawa da cewa Ubangiji ne mai tanadi, bayan ya ga ragon da aka ba shi a madadin ɗansa. Mu kuwa mun ga tanadin da ya fi wannan a kan gicciye. Saboda haka mu sa mulkin Allah a gaba, mu yi aiki da hannuwanmu, mu buɗe rumbunanmu ga juna, mu kwana da salama. Muna roƙon kowane wakili ya kai maganar rumbun ikkilisiya gaban majalisar dattawansa kafin kaka mai zuwa, ya kawo mana rahoto a zamanmu na gaba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ka san gidajen da ba a hura wuta ba yau. Ka ba su abinci, ka kuma yi amfani da mu. Ka ba mu damina mai albarka, ka kawo salama a ƙasarmu domin manomi ya koma gonarsa. Ka ba shugabanninmu hikima da tausayi. Ka tsare 'ya'yanmu daga kwaɗayi da fid da zuciya, ka riƙe mu cikin bangaskiya har ƙarshe. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.